Jinyar Wanda Ya Ji Mummunan Rauni: Aikin da ke Jiran Iyali a Gida

A wannan fitowa za mu yi magana a kan jinyar mutumin da ya ji babban rauni, tun daga ranar da aka sallamo shi daga asibiti har ranar da zai koma harkokinsa.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana, wani abu ne da muka gani da idonmu. Muna rangadin cibiyoyin yaƙi da jahilci, sai muka isa wani ƙauye a arewacin Gazawa. Da muka duba littafin kiran suna, muka ga wani ɗalibi ya yi wata huɗu bai zo ba. Magidanci ne mai himma, yana da mata da ƴaƴa biyar. Muka tambayi malamin cibiyar. Ya ce da rani ne ya hau gawo zai saro wa awakinsa ganye, reshe ya karye da shi, ya faɗo, ƙashin cinyarsa ya karye. Aka ɗauke shi a amalanke zuwa bakin kwalta, daga nan mota ta kai shi Maraɗi. Aka yi masa aiki, aka sa ƙarfe a ƙashin, aka sallamo shi.

Muka tafi gaishe shi. Muka same shi kwance a ɗaki, an saki asabari, mahaifiyarsa tana zaune a bakin ƙofa. Bayan gaisuwa ta ce mana: "Malam, tun da aka dawo da shi, ko ludayin fura ba mu bari ya ɗaga da kansa ba." Gaskiya ta faɗa, kuma ƙauna ce ta sa su yin haka. Amma da muka ce ya tanƙwara gwiwarsa mu gani, ƙafar ta ƙi. Ta miƙe kamar taɓarya, cinyar kuwa ta rame. A cikin jakarsa muka sami takardar asibiti, an rubuta ta da Faransanci. An sa masa ranar komawa, ranar ta wuce da daɗewa. An kuma rubuta cewa ya fara motsa gwiwar. Ba wanda ya karanta musu.

Likita yana ɗinke rauni, yana haɗa ƙashi, ya ceci rai da yardar Allah. Amma ko mutum zai sake taka ƙafarsa ya riƙe hauya, wannan a gida ake yanke shi, cikin watannin da ke biyo bayan sallama. Kuma sau da yawa tausayinmu ne ke hana majiyyaci tashi.

Raunukan da ke kwantar da mutanenmu

Babbar hanyar kwalta ta ratsa Gidan Runji, ta bi ta Maraɗi da Cadawa da Agye da Gazawa, ta wuce Tasawa. Kullum manyan motoci da babura da amalanke suna haɗuwa a kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe mutum kusan miliyan 1 da dubu 190 a kowace shekara, waɗanda yake raunatawa kuwa sun kai miliyan 20 zuwa 50. Ban da hanya, akwai faɗowa daga gawo ko kuka, da ruftawar rijiya, da tunkuyin sa, da injin niƙa da ke kama hannu, da gobara. A yankin Gidan Runji kuma, tun daga 2019 da ƴan gudun hijira suka fara shigowa daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, an san raunin harsashi.

Ba mu manta watan Nuwamba na 2021 ba. Ranar 7 ga wata ramin haƙar zinariya ya rufta kusa da Ɗan Isa, aƙalla mutum 18 suka rasu. Washegari gobara ta cinye azuzuwan zana a wata makarantar Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. Rediyo yakan faɗi yawan waɗanda suka mutu. Waɗanda suka tsira da rauni kuwa, gida suke komawa, labarinsu ya rage tsakaninsu da iyalinsu.

Kafin a baro asibiti

Ranar sallama kowa gaggawa yake yi, ana neman mota, kuɗi sun ƙare. To a ranar nan ne ya kamata a tsaya a yi tambaya. Wanda zai yi jinyar a gida, shi ya kamata ya tsaya gaban ma'aikacin lafiya, ba wanda ya biya kuɗi kaɗai ba. A tambaya: Yaushe zai fara taka ƙafar? Wace gaɓa za a motsa, wace ce ba za a taɓa ba? Yaya za a wanke raunin? Wace rana za a dawo? A roƙi ma'aikacin ya nuna da hannunsa, mai jinya ya gwada a gabansa.

Ku da kuka koyi rubutu, ga ranar amfaninsa. In an rubuta takarda da Faransanci, ku ce a fassara muku, ku rubuta da Hausa a littafinku. Ku adana karne da hoton ƙashi a cikin leda, inda ruwa da gara ba za su kai ba. Tambaya ba rashin kunya ba ce.

Jikin da ba ya motsi

Wannan shi ne wurin da aka fi yin kuskure, saboda haka za mu ɗan daɗe a kansa.

Allah ya halicci gaɓoɓi don motsi. Ku dubi amalanken da aka jingine tun kaka ba a taɓa shi ba: ranar da aka zo ɗaura masa shanu, ƙafafunsa sun cije. Haka gwiwa da gwiwar hannu da kafaɗa da idon sawu suke. In suka yi makonni a wuri ɗaya, jijiyoyin da ke kewaye da su suna gajarcewa, su yi tauri. Tsoka kuma tana ramewa da sauri. Mako guda na kwanciya ya isa mutum ya ji ƙarfinsa ya ragu. Ƙashin hannu ko na ƙwauri na babban mutum yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ya haɗu, na cinya yakan kai wata 3 zuwa 6, na yara ya fi sauri. In aka ce sai ƙashi ya gama haɗuwa za a fara motsi, to za a sami ƙashi lafiya a cikin ƙafar da ba ta aiki. Abin da ya sami ɗalibinmu ke nan.

Ka'idar ita ce: wurin da likita ya ce kada a motsa, kada a motsa. Duk sauran jiki a motsa shi. Wanda aka ɗaure wa hannu ya riƙa motsa yatsunsa da kafaɗarsa. Wanda ke kwance da karayar ƙafa ya riƙa motsa yatsun ƙafa da idon sawu, ya ɗaure tsokar cinya ya saki, ya ja dogon numfashi ya yi tari don ƙirji ya washe.

In majiyyaci ba ya iya motsa gaɓa da kansa, mai jinya ya motsa masa. A riƙe sama da gaɓar da hannu ɗaya, ƙasa da ita da ɗaya hannun. A tanƙwara a hankali, a miƙe a hankali, kamar sau 10, safe da yamma. In an zo inda ya ji zafi, a dakata kaɗan, a koma. Kada a fizga, kada a danna da ƙarfi. Mun ga inda ƙarti biyu suka hau kan gwiwar mutum wai za su tanƙwara ta a rana ɗaya. Wannan yana iya sake karya ƙashi. Sannu ba ta hana zuwa.

Daga nan sai a riƙa janye hannu. Yau ka motsa masa, gobe ya motsa kana taimakonsa, jibi ya motsa shi kaɗai. In ya yi ƙarfi, kuma likita ya yarda, a ɗaura masa ƴar jakar yashi ya riƙa ɗagawa. Haka kuma a sauran al'amura: abin da zai iya yi da kansa, a bar shi ya yi, ko da zai daɗe, ko da zai zubar da rabin furar. Ya sa rigarsa, ya wanke fuskarsa, ya ci da hannunsa. Mun san da wuya uwa ta zauna tana kallon ɗanta yana fama da taguwa. Amma famar nan ita ce maganin.

Kayan aikin duk suna nan a ƙauye. A ɗaura igiya mai ƙarfi a azara ko a gindin gado, ya riƙa kamawa yana tashi zaune. A kafa itace huɗu masu gwafa a tsakar gida, a gitta dogayen sanduna biyu, tsayinsu daidai kwankwasonsa, ya riƙa tafiya a tsakaninsu yana dafawa. A huda kujera a tsakiya a ɗora a bakin salga, don wanda ba ya iya tsuguno. Wanda ya daɗe kwance, kada a miƙar da shi tsaye kai tsaye, jiri zai kayar da shi. Ya fara zama a bakin gado tukuna, kwana biyu ko uku.

In kafinta zai yi masa sandunan dogarawa, a auna. Kan sandar ya tsaya kamar faɗin yatsa uku ƙasa da hammata. Nauyin jiki a tafin hannu yake sauka, ba a hammata ba, domin akwai jijiya a nan wadda in aka danne ta hannu yakan mutu. A sa guntun tayar mota a ƙasan sandar don kada ta zame.

Gyambon kwanciya

Wanda ya karye a ƙashin baya, laka ta taɓu, ƙafafunsa ba sa motsi kuma ba sa jin taɓi, jinyarsa ta fi kowace nauyi. Babban abokin gabansa shi ne gyambon kwanciya. Mai lafiya yana juyawa cikin barci ba tare da ya sani ba. Shi wannan ba ya juyawa. Ƙashi yana danne fata a kan shimfiɗa, jini ya kasa kaiwa wurin, fatar ta mutu. Yana iya farawa cikin yini ɗaya, amma warkewarsa sai watanni, kuma yana kisa.

Maganinsa juyi. A juya shi kowace awa 2: gefen dama, rigingine, gefen hagu. Wanda ba shi da agogo ya bi lokutan da muka sani: asuba, fitowar rana, hantsi, walaha, tsakar rana, azahar, la'asar, magariba, lisha. Da dare ma a tashi, a raba kwana tsakanin mutanen gida, ko a sa wayar salula ta yi ƙara. Ɗagawa ake yi, ba ja ba, domin ja yana saɓule fata. In a kujera ko a keke yake zaune, ya riƙa dafawa yana ɗaga mazaunansa, ko ya karkata gefe, kada ya wuce rabin awa bai yi ba.

Kowace safiya a duba wuraren da ƙashi ya turo: ƙasan gadon baya, kwankwaso, diddige, idon sawu, allon kafaɗa, ƙeya. A baƙar fata ba a cika ganin ja ba. Abin da za a nema shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu, ko sheƙi, ko zafi, ko tauri. In an gani, kada a murza, kada a shafa toka ko wani gari. A ɗauke masa nauyi gaba ɗaya har ya koma daidai. In fata ta buɗe, a kai shi likita. Shimfiɗa ta zama mai taushi, busasshiya, ba yashi, ba ɓarɓashin abinci. Katifar soso ta fi tabarma nesa. A sa matashi tsakanin gwiwoyi, a sa wani a ƙarƙashin sharaɓa don diddige ya tashi daga shimfiɗa, a kuma tokare tafin ƙafa don kada ya zube ƙasa ya sandare a haka.

Lokacin ɗari a yi hattara da kaskon wuta. Ƙafar da ba ta jin zafi tana iya gasuwa mai ita yana hira. Ruwan wanka ma mai jinya ya fara gwadawa da hannunsa.

Waɗansu suna rage wa irin wannan majiyyaci ruwan sha don kada ya yawaita fitsari. Kuskure ne babba. Ƙarancin ruwa yana kawo ciwon mara da na ƙoda, yana kuma ɗaure ciki. In an sa masa robar fitsari, jakar ta kasance ƙasa da jikinsa kullum, kada a ja robar, a kuma kiyaye ranar sauya ta.

Maganar maɗori

Ba mu raina maɗori ba. Akwai masu gado da sanin aiki, kuma suna kusa da jama'a. Amma karayar da ƙashi ya huda fata, da ta cinya, da ta baya ko wuya, da wadda ta shiga cikin gaɓa, na asibiti ne. Maɗori ba ya ganin cikin jiki, hoton ƙashi yana gani. Haɗari mafi girma shi ne ɗauri mai tsanani. Bayan karaya wuri yana kumbura. In an matse shi da kara da tsumma, jini ya tsaya, cikin ƴan awoyi naman ya fara mutuwa. Yara da yawa a ƙasar Hausa ta haka suka rasa hannu. Ko ɗaurin gida ne ko na asibiti, in yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, suka canza launi, ko suka daina jin taɓi, ko zafi ya yi ta ƙaruwa, a tafi likita a lokacin, ko da tsakar dare ne. In yaro ya ce ɗauri ya matse shi, a saurare shi, kada a ce raki ne.

Haka kuma ba a jira gari ya waye in aka ga zazzaɓi tare da mugunya ko wari a rauni, ko sharaɓa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya, ko haƙora suka ɗaure. Wanda ya bugu a kai, in ya yi ta amai, ko barci ya yi masa yawa, ko ya yi jijjiga, shi ma haka.

Ƙuna da yankewar gaɓa

Tabon ƙuna yana janyewa yayin da yake warkewa. Yaron da ya ƙone a gwiwar hannu zai so ya naɗe hannun don ya fi masa daɗi, sai tabon ya kama shi a naɗe. Saboda haka a ajiye gaɓar a miƙe yadda aka nuna a asibiti, a raba yatsu da ƙyalle mai tsabta kada su manne, a riƙa miƙarwa kullum. Bayan raunin ya rufe sarai, a riƙa shafa man kaɗe ana murzawa a hankali. Tabo yakan yi shekara ɗaya ko fiye kafin ya daina janyewa, don haka kada a gaji a wata na biyu.

Wanda aka yanke wa ƙafa a ƙasan gwiwa, kada a sa masa matashi a ƙarƙashin gwiwar, kada kuma ya yini da ita a tanƙware. Gwiwar da ta ƙi miƙewa ba ta karɓar ƙafar roba. Ya riƙa kwanciya rub-da-ciki na ɗan lokaci kowace rana, a naɗe dungun da bandeji yadda aka koya. In ya ce yana jin ƙaiƙayi ko zafi a ƙafar da aka cire, ba hauka ba ne, ba kuma iskoki ba ne. Jijiyoyi ne ke aika saƙo, kuma yawancin waɗanda aka yanke wa gaɓa suna jin haka.

Abinci da magani

Jiki yana gina ƙashi da nama da abin da aka ci. Fura da kunu kaɗai ba su isa ba. A ƙara wake, da gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, da riɗi, da nono, da ƙwai, da fara in lokacinta ne, da kwaɗon zogale, da miyar kuka. In an yanka kaza don baƙi masu zuwa dubiya, majiyyaci ya fi su buƙatar ta. Taba kuwa tana jinkirta haɗuwar ƙashi.

Magani, wanda likita ya rubuta shi za a sha, a kuma shanye shi. Muna gargaɗi game da ƙwayoyin da ake tallarsu a faranti a kasuwa, musamman taramol. Yana kashe zafi, mutum ya ji kamar ya warke, ya taka ƙafar da ba ta haɗu ba. Bayan haka jiki ya saba da shi, barinsa ya zama wani ciwon.

Zuciyar majiyyaci

Makon farko gida yakan cika da ƴan dubiya. Bayan wata guda sai ƙafa ta ɗauke. A lokacin ne majiyyaci ke fara tunani. Mutumin da ke ciyar da gida, yau shi ake ɗauka a kai makewayi. Zai yi fushi, zai ƙi abinci, zai yi wa matarsa tsawa ba da laifinta ba. Waɗansu kuma shiru suke yi, su juya fuska ga bango.

Kada a ɓoye shi a ɗaki. A fitar da shi inuwa, a kai shi ƙofar gida inda abokansa ke shan shayi, a kai shi masallaci in da hali. Addini ya sauƙaƙa: wanda ba ya iya tsayuwa ya yi salla a zaune, wanda ba ya iya zama ya yi a kwance, wanda ruwa zai cutar ya yi taimama. A riƙa shawara da shi: wace gona za a sa aya bana, wace za a sa hatsi, ko za a sayar da ɗan akuyan nan. Rauni ya taɓa ƙafarsa, bai tuɓe shi daga maigida ba. Ƴan dubiya kuma su iya bakinsu. Maganar "wane ma haka ya yi, bai tashi ba" a bar ta a waje. Kada kuma a yi masa alkawarin ƙarya. In likita ya ce ƙafar ba za ta dawo ba, a taimake shi ya koyi rayuwa da keke, maimakon a ƙarar da dukiya wajen yawon neman magani daga gari zuwa gari.

Wanda ya bugu a kai yana iya sauya hali: mantuwa, saurin fushi, maganar da ba ta dace ba. Ƙwaƙwalwa ce ta ji rauni, ba wulaƙanci yake yi ba. A yi masa magana gajere, abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya tsira daga hari ko gobara kuwa yana iya firgita cikin barci wata da watanni. In majiyyaci ya fara cewa gara ya mutu, kada a ɗauka wasa. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da igiya daga kusa da shi, a sanar da ma'aikacin lafiya.

Muna da magana ta musamman da maza. In miji ya kwanta, matarsa ce ke ɗawainiya dare da rana. In mace ta kwanta, sau da yawa sai a ce ta tafi gidansu ta yi jinya, daga nan a manta da ita. Wannan ba adalci ba ne. Wadda ta daka maka, ta haifa maka, tana da haƙƙin ka tsaya mata.

Mai jinya da gona

Mai jinya ma mutum ce. In ita kaɗai ce ke juyi da wanki da daka da ɗiban ruwa, wata biyu ya isa ta kwanta ita ma. Dangi su zauna su raba aiki, a rubuta sunan kowa da ranarsa. Wajen ɗaga majiyyaci a zama mutum biyu, a tanƙwara gwiwa, kada a sunkuya da baya. Kada a fitar da yarinya daga makaranta a mai da ita mai jinya.

Damina ba ta jiran marar lafiya. Tun kafin ruwan shuka, ƴan uwa da maƙwabta su sa ranar gayya. Gonar da aka sayar ba ta dawowa, musamman a yankin Agye da Gazawa inda ƙasa ta yi wa jama'a kaɗan. In dole ta kama, a fara da dabba, ko a ba da aron gonar na shekara ɗaya a gaban shaidu da takarda. Asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara a nan jahar Maraɗi a 1991, yana da amfani a irin wannan rana, domin ƙungiyoyi da yawa suna ware ɗan kuɗin taimako. A kuma tanadi kuɗin motar komawa asibiti tun da wuri. Rashinsa ne ke sa mutane da yawa su tsallake ranar da aka sa musu.

Wanda ba zai koma noma ba, akwai sana'ar zaune. Ga kaba a Gulbin Kaba, a saƙa tabarma da igiya da faifai. Ga turkar rago, ga tebur, ga ɗinki, ga cajin waya. Wanda ya iya rubutu da lissafi zai iya riƙe littafin ƙungiya. Ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008. Bara ba ita ce makomar wanda ya naƙasa ba.

Ina za a nufa?

A fara da likitar da ta fi kusa. Ita za ta tura mutum asibitin gunduma, kamar na Agye ko na Gidan Runji, daga nan zuwa Maraɗi. A can a tambayi ma'aikacin motsa gaɓoɓi, wanda a asibiti ake kira kine. Masu wannan aiki ba su da yawa, kuma a manyan garuruwa suke, shi ya sa in an same shi a buɗe ido a koyi abin da za a ci gaba da yi a gida. Asibitin Galmi, a kan hanyar Ƙonni, ya daɗe yana aikin tiyata. Ana ƙera ƙafar roba a babban asibitin Yamai da na Damagaram. Asibitin CURE na Yamai, wanda aka buɗe a 2010, yana yi wa yara aikin gaɓar da tabon ƙuna ya janye da ƙashin da ya karkace.

Ɗalibinmu na arewacin Gazawa, ƙanensa ya sayar da tunkiya suka koma Maraɗi. Hoto ya nuna ƙashi ya haɗu. Aka koya wa matarsa da ƙanen yadda za su motsa gwiwar, malamin cibiyar ya rubuta musu da Hausa suka liƙa a bango. Suka kafa sanduna biyu a tsakar gida. Mahaifiyarsa ta yi kwanaki ba ta iya kallo, takan shige ɗaki in ya fara nishi. Maƙwabta suka yi masa gayyar noman farko da na biyu. Bayan wata bakwai muka koma ƙauyen, muka same shi a aji, sandarsa tana jingine da bango. Gwiwar tana tanƙwaruwa har ya zauna a kujera ya hau amalanke, amma ba ta kai yadda take da ba, kuma har yanzu a zaune yake salla. Ganyen awaki kuwa, da doguwar ƙugiya yake kaɗo shi daga ƙasa.